Ka Dawo Jibi, Alhaji

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Madobi ta Panshekara, ko mai bin titin Zariya ya ratsa Kura har Kwanar Gafan, ya san irin motocin da nake nufi. Suna can gefe, bayan rumfar gareji, an kwance musu tayoyi an ɗora su a kan bulo. Gilashinsu ya sha ƙura har yara sun yi rubutu a kai, ciyawar damina ta fito a ƙarƙashinsu ta bushe, wata ta sake fitowa. Baƙo zai ɗauka an yafe su ne. Amma kusan kowace ɗaya tana da mai ita, ya kuma ba da kafin alƙalami tun tuni, in ka tambaye shi a majalisa sai ya ce maka, “Tana wajen gyara, saura kaɗan.”

Gyaran mota iri biyu ne. Akwai na yini guda: a canza filogi, a ɗaure birki, a juye baƙin mai, mai mota ya sha shayi ya tashi da abarsa. Akwai kuma na tayar da mota daga kwance, wato a sauke inji a warware shi ƙarfe-ƙarfe, a yanke inda tsatsa ta ci a yi walda, a ƙwanƙwasa jiki, a shafa fila, a yi fenti, a sake wayarin, a ɗinka kujeru. Wannan na biyun shi ne maganata. A Turai da Amurka aikin masu hali ne: mutum ya samo motar da ta girme shi, ya kashe mata dukiya, ya fito da ita ranar hutu a yi kallo. A Faransa ma akwai masu tattalin tsohuwar Peugeot 504 don marmari kawai. Mu a nan wanda ke tayar da tsohuwar akori-kura yana yi ne don ba shi da kuɗin wata, kuma ga tumatir can a fangali yana nuna.

Ruwa da mota kusan tare suka iso wannan yanki. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka ɗauko a zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta babbar magudana zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure. A 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna, PAN, ya fara fitar da motoci daga Kakuri. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama’are, wadda aikin noman ranin ya koma hannunta. Kafin nan noman rani na jigo ne a bakin rafi da fadama, abin da mutum zai ɗebo kuwa jaki biyu sun ishe shi kai wa kasuwa. Da ruwa ya kwanta a dubban kadada, alkama da tumatir da albasa da masara suka fi ƙarfin jaki da amalanke. Manyan motoci masu zuwa Legas ba sa iya shiga ƴan hanyoyin da ke gefen magudanan ruwa, dole sai an sami ƙaramar mota mai juriya ta kwaso kwanduna daga bakin gona ta fito da su titi. Mutanen Madobi da Kwankwaso da Kafin Agur, waɗanda ke noman nasu ranin a fadamun kogi ko suke ƙetarawa ƙasar Kura su yi aro ko hayar fili, su ma suka shiga wannan safara. Nan akori-kura ta sami gindin zama, 404 da farko, daga baya 504.

Abin da matasa ba su sani ba shi ne, a shekarun farko kayan haɗa waɗannan motoci ta sama suke zuwa. Jiragen dakon kaya ne ke tasowa daga Liyon ta Faransa su sauka a filin jirgin Kano, sannan a loda kayan a manyan motoci zuwa Kaduna. Ƙasar da ke iya biyan kuɗin jirgi don ɗauko ƙofar mota da ƙarfen inji, ai ba sai an gaya maka ƙarfin kuɗinta ba. Wajen 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Gwamnati ta mai da 504 motar ofis, ƴan kasuwa suka mai da ita motar haya, har ta kai duk garin da ka shiga akwai bakaniken da ya san cikinta da ido rufe. A lokacin kuma ana haɗa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Marsandi a Inugu, ga kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a nan Kano kan titin Zariya.

Yadda ake cinikin babban gyara a wancan zamani shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, don a nan ne canjin ya fi ciwo. Mota takan shiga gareji da faɗuwar damina, lokacin da hanyoyin gona suka zama taɓo, mai ita kuma ya koma kan gero da dawa da shinkafa. Shi da bakanike su zagaya ta, a buɗe gaba, a leƙa ƙasa, bakanike ya yi shiru ya yi lissafi a ka, ya faɗi kuɗi dunƙule, kaya da aiki duka. A yi tayi, a daidaita, a tafa. Babu takarda. Mai mota ya ajiye abin da ya sawwaƙa, saura sai kaka. Bakanike ya hau mota zuwa kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa, mai shagon da ya saba da shi ya ba shi ringi da fistin da gasket bashi, shi ma sai kaka. In kaka ta yi, kuɗi su biyo hanyar da bashi ya bi: daga gona zuwa gareji, daga gareji zuwa shago. Wani lokaci ma buhun shinkafa ne ke cike gibin. Kafin sanyin Disamba ya kankama mota ta fito tana ƙyalli, an rubuta mata addu’a a bayanta.

Ba na cewa mutanen da waliyyai ne. “Ka dawo jibi” ta girmi duk wanda ke karanta wannan, tela ya faɗe ta, maƙeri ya faɗe ta, bakanike gado ya yi. Tsada ma an sha ta, wanda ya ga bayan ƙarin albashin Udoji zai ba da labari. Sai dai jinkirin wancan lokaci haƙuri kawai yake ci, bai cika cin aljihu ba. Kayan gyara suna nan jibge, canjin kuɗi ba ya motsi sosai, abin da aka yi lissafi a kai a watan Yuni za a same shi kusa da haka a Oktoba. Mai shago yana iya jiran wata huɗu bai yi asara ba. Duk wannan amana da ake yabo a kan abu ɗaya ta tsaya, wato farashi ya jira mutum daga shuka zuwa girbi.

A 1986 ƙasan ta fara zamewa. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, a watan Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, naira ta fara gangarowa, ba ta kuma sake komawa inda take ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi, ta fi ƙarfin malamin makaranta. Motocin Beljiyam suka cika gari, galibi ta tashar Kwatano, wasu su zagayo ta Maraɗi su shigo ta Jibiya. Kayan gyara ma suka rabu aji-aji: ga gangariya wanda sai wane da wane, ga ɗan Beljiyam da aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai, ga sabo fil a kwali mai arha daga Taiwan, daga baya Sin, wanda wani ya yi shekara wani ko mako ba ya kaiwa. Daga nan bakanike ya koyi tambayar da ubangidansa bai taɓa yi ba: “Alhaji, wanne za a sa maka?” Daga nan kuma zargi ya sami ƙofa, don mai mota ya biya kuɗin mai kyau, ba shi da hanyar sanin abin da aka rufe a cikin inji. Masana’antun haɗa motoci suka yi ta durƙushewa. PAN ta fi sauran jurewa, amma a 2006 ta daina haɗa 504, kuma Najeriya na cikin wuraren ƙarshe a duniya da aka ƙera ta. Tun daga lokacin yawancin abin da ake sa wa tsohuwar 504 daga jikin ƴar’uwarta da ta riga ta mutuwa ake ciro shi, su kuwa matattun kullum raguwa suke.

Ga kuma noman da ke biyan kuɗin gyaran, wanda shi ma ba ya da tabbas. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, a shekarar da kamfanin tumatir na Ɗangote ya buɗe a can da fatan zai riƙa sayen amfanin. A watan Yuni na shekarar naira ta sake faɗuwa, dala ta tashi daga 197 a farashin gwamnati ta doshi 300. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agusta 2019 aka rufe iyakokin har Disamba 2020. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar tabonsa a bayan rumfunan gareji. In ka san tarihin wurin, kana iya nuna mota ka ce wannan tun shekarar sharon take nan.

Amma ban ga shekarar da ta wargaza lissafi kamar 2023 ba, kuma a gidanmu na gan ta. Kawuna yana da akori-kura 504 da ya saya ta hannu tun muna yara. Ita ta kai mu biki, ita ta kai mata asibiti da tsakar dare, ita ta biya kuɗin makarantar rabin gidan da jigilar kwanduna zuwa Kwanar Gafan. Da ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, ƙasan bodinta kuma ya huje, ya yanke shawarar a yi mata aikin gaba ɗaya. Ya kai ta wani gareji da ya daɗe yana hulɗa da shi, wanda mahaifin mai garejin ne ma ya fara taɓa motar. Aka yi ciniki irin na da, dunƙule, da baki, ana gab da faɗuwar damina. Ya ba da kusan rabi.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin mako guda. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Dalar da ƴan canji na Wapa ke sayarwa wajen naira 750 a farkon shekarar, zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin fiton kwastan da farashin dala ake lissafa shi, saboda haka kowane ƙarfe da ya sauka a tashar Legas hawa biyu ya yi kafin ya iso Ƙofar Ruwa, ga kuɗin dakonsa na uku. Masu shago suka daina ba da bashi, ba don mugunta ba: wanda ya ba da kaya yau aka biya shi bayan wata uku, kuɗin ba za su maido masa da kayan kan kanta ba. Wasu ma in ka tambayi farashi sai sun duba waya tukuna.

Na raka kawu garejin wata rana da yamma. Motar na kan bulo, inji a ƙasa an lulluɓe shi da buhu.

“Alhaji, barka da zuwa. Wallahi jiya na shiga Ƙofar Ruwa, kaya sun tashi. Abin da muka yi lissafi a kai yanzu ko rabi ba zai sayo ba.”

“To, ɗana, ba tun kafin Sallah na ba ka kuɗin ba? Me ya hana a saya a lokacin?”

Mai garejin ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. “Ka ba ni, Alhaji. A yi haƙuri. In Allah ya yarda ka dawo jibi, za ka ga canji.”

Kawu bai ƙara cewa komai ba sai “Allah ya kai mu.” A hanya ne ya ce mini ya san inda kuɗinsa suka tafi: wata J5 da ta fita daga garejin a makon da ya biya, da su aka ƙarasa ta. Ita ma mai ita ya biya tun da daɗewa, nasa kuɗin sun shiga motar wani. Haka abin yake tafiya a gareji da yawa, kuɗin na baya su fitar da motar na gaba. Muddin sababbin motoci na shigowa kuma farashi na zaune, ba wanda zai gane. Ranar da farashi ya yi tsalle, na ƙarshe a layi shi ke biyan bambancin kowa.

Wannan laifi ne, ba na kuma neman masa wani suna. Amma wanda ya ce jinkirin gareji duk ha’inci ne bai zauna a gareji ba. Babban gyara ba aikin mutum ɗaya ba ne. Bakanike ya sauke inji, amma karanshaf sai an kai birni wajen masu injin gurza ƙarfe, su kuma suna jiran wuta. Mai walda daban, mai ƙwanƙwasa daban, mai fenti daban, mai wayarin daban, mai kujeru daban. Kowannensu da maigidan kansa, da nasa layin, ba wanda ke ƙarƙashin wani, kuma ba mai iya farawa sai na gabansa ya gama. Mai fenti ba ya fesawa ranar da hadari ya haɗu, haka in ƙurar hunturu ta yi yawa. In babu wuta sai janareta, janareta kuwa sai fetur, wanda kafin ƙarshen 2024 litarsa ta haura naira 1,000. Sannan tsohuwar mota ba ta faɗin ciwonta duka a rana ɗaya. Sai an kankare fenti a ga filar da wani ya lafta shekaru ashirin da suka wuce ta rufe rami, sai an buɗe inji a ga an riga an gurje shi har ba sauran abin gurza. Bakaniken da ya yanke kuɗi dunƙule kafin ya buɗe, canke ya yi. A da in canken ya kuskure da kaɗan yakan shanye. Yanzu ba shi da abin shanyewa.

Mu masu motoci ma da namu. Mun saba da biyan kuɗi gutsi-gutsi, a kawo kaɗan ranar kasuwa, a kawo kaɗan in an sayar da akuya, muna ganin ai tarawa ake yi. A shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34 cikin ɗari, kamar yadda ta kai a ƙarshen 2024, ba tarawa ake ba. Kamar mai sakin ruwa kaɗan-kaɗan ne a doguwar magudana, ƙasa na shanyewa kafin ya kai fangalin ƙarshe. Akwai kuma mai kawo mota ba da niyyar gyara ba, sai don ya sami inda zai ajiye ta, ya ba da abin da bai kai kuɗin ringi ba ya ɓace shekara, ranar da ya dawo kuma ya fi kowa ɗaga murya. Akwai mai cewa a sa masa mafi arha, in ya lalace ya zagaya gari yana cewa an cuce shi. Kuɗin aikin hannu kuwa shi ne abin da muka fi ƙi a taɓa. Mutum zai yarda fistin ya ninka don dala ta hau, amma bakanike ya ce aikinsa ya ƙaru sai a ce ya cika son kuɗi, alhali kwanon masarar da yake saya bai tsaya jiransa ba.

Abin da ba ni da uzuri a kansa ko kaɗan shi ne aron kaya. Mota ta daɗe a ajiye, wata ta shigo da gaggawa tana neman kafireta, sai a ce wa yaro, “Ciro na waccan, in Alhaji ya zo ma mayar.” Ba a mayarwa. Yau kafireta, gobe lagireto, jibi fitila, har motar da ta shigo da ƙafarta ta koma ba ta da abin tashi. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya ji hukuncin: a mazhabar Malikiyya mai sana’a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa, in sun salwanta a hannunsa shi zai biya. Malamai sun tsaurara haka ne don mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana’a. Haka nan ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur’ani, a ƙarshen Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Abin mamaki, al’ummar da ta haddace wannan aya ita ce ke jin kunyar ɗauko biro a gaban wanda ta sani. Ka ce a rubuta, sai a ce, “Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?” Sai a bari, bayan shekara a haɗu a gaban mai unguwa ko ofishin Hisba ko wajen shugabannin ƙungiyar kanikawa, kowa na rantsuwa a kan adadin da ba wanda ya tuna daidai.

Hannun da ke aikin ma raguwa yake yi. Da, yaro yakan shiga gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, ya fara da wanke noti a cikin fetur da miƙo sifana, ya yi shekaru kafin a bar shi ya taɓa inji, a yaye shi da addu’a da akwatin kayan aiki. Acaɓa ta fara janye su, don kuɗinta na yau yau ne. Da aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a Janairu 2013, A Daidaita Sahu ta karɓe su. Waɗanda suka tsaya a kanikanci kuma sun ga inda kasuwa ta dosa: motocin yanzu masu ƙwaƙwalwa ne, na’ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, a cire abu a sa wani. Saurayin da ya iya wannan ba zai ɓata wata uku yana lallashin tsatsar 504 ba, ban kuma ga laifinsa ba. Dattawan da ke iya saita kafireta da kunne, ko su ƙera ƙarfen da ya ɓace a kasuwa daga guntun wani, ana ƙirga su da yatsu, ayyuka kuma sun yi musu yawa. Ba sa iya cewa a’a, don kafin alƙalamin yau shi ne cefanen yau.

A gefe guda ga ƴan gwangwan suna zagayawa da sikeli. Ƙarfe ya yi daraja, tsohuwar mota kuwa ƙarfe ne mai nauyi. Mai motar da ya gaji da sintiri, wata rana sai ya ce a kira su. A gonaki kuma babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya sun fara cin kasuwar akori-kura. Ba su da ƙarfinta, ba sa ɗaukar abin da take ɗauka, ba na jin za su yi rabin shekarunta. Amma suna shan mai kaɗan, suna shiga inda ba ta shiga, in sun lalace kayansu na nan a kowane gari, gyaransu na yini ɗaya ne. Manomi lissafi yake yi, kuma sau da yawa lissafinsa daidai ne. Ina son 504 har raina, amma ba kowace ce ta cancanci a tayar ba. Wadda ƙashin bayanta ya ruɓe, gaskiyar da bakanike zai yi wa mai ita ita ce ya ce masa kada ya zuba kuɗinsa. Kaɗan ne ke faɗin haka.

Motar kawu ta fito, amma sai da tumatir ya kusa ƙarewa. Jinkirin gareji a yankin noman rani ba a auna shi da kwanaki. Daga Janairu zuwa wajen Afrilu ne ake ɗiban tumatir sosai, a nan ne akori-kura ke samo abin da za ta ci shekara. Wadda ta fito a ƙarshen Maris ta yi asarar shekarar gaba ɗaya, ko da kwana arba’in kawai aka ƙara mata. Kawu ya biya kusan ninkin abin da aka yi ciniki, ya kuma yi ta biyan hayar motocin wasu don kwashe nasa amfanin. Mai garejin ma bai tsira da komai ba. Kuɗin aikinsa na nan yadda aka yanke tun kafin a cire tallafi, ya ƙarasa wasu kayan daga aljihunsa don kunya, ya kuma rasa mutumin da gidansu ya yi wa aiki tun zamanin mahaifinsa. Suna gaisawa a masallaci, amma motar wani wuri ake kai ta yanzu.

Na lura wasu kanikawa sun fara sauya salo, kuma ina ganin su ne za su ɗore. Ba sa yanke kuɗi sai sun buɗe inji a gaban mai shi. Suna raba kuɗin aiki da kuɗin kaya. Su rubuta jerin abin da ake buƙata, su ce wa mai mota ya zo a tafi Ƙofar Ruwa tare, a saya rana ɗaya, a rubuta sunansa a kwalayen, in ya ga dama ya tafi da su gida ya riƙa kawowa ana ɗaurawa. Wasu na ɗaukar hoton kowane mataki su tura ta WhatsApp. Dattawa na ganin wannan rashin yarda ne, har wani ya ce mini an mai da zumunci ciniki. Ni kuwa na ga zumuncin da ya mutu a gareji saboda rashin takarda ya fi wanda takarda ta kashe yawa nesa ba kusa ba.

Rassan ƙungiyar kanikawa ta NATA da ke Madobi da Kura da Bunkure za su iya ɗaukar wannan su mai da shi ƙa’ida: kowace motar babban gyara a shigar da ita littafi, da ranar shigarta, da jerin abin da ke jikinta, da abin da aka biya, da ranar da aka yi alkawari, a kuma hana gareji karɓar sabon babban aiki alhali yana da wasu a kan bulo da aka biya. Kai kuma mai akori-kura, in kana son ta ɗauki tumatir a Janairu, kai ta tun ruwan farko, a buɗe ta kana tsaye, ka sayi kayanta a mako guda, a rubuta da shaidu biyu. In kuɗinka bai kai ba, bar ta a ƙofar gidanka ka lulluɓe ta da tamfol har ka tara.